Baba Ya Ce a Gaida Mota

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai ji ya gyara tun da sauran lokaci. A shekarun da nake magana ni malamin gona ne a Daura, da mata da 'ya'ya biyu, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da abu guda, wato son mota. Na daɗe ina tari kafin Allah Ya nufe ni da wata 'yar Beljiyam ruwan toka, kuma wallahi tun ranar da ta shigo hannuna na zama bawanta. Na yi mata rigunan kujeru, na shimfiɗa kafet a kan dashbod, na rataya carbi a madubi, na sa mata turaren da ko ɗakina bai samu irinsa ba. Kullum da safe sai na sayi ruwa wurin 'yan garuwa na wanke ta da hannuna, don ban yarda wani ya goga mata tsumma ba. Wanda zai shiga sai ya kakkaɓe takalmi, mai cin gyaɗa ko shan rake kuwa sai dai ya bi mu a ƙasa. Maiɗakina har cewa take da zan riƙa duba yaran nan yadda nake duba man inji, da ko mura ba za su yi ba. Sai in yi dariya in ce mata ai yara suna da baki, mota kuwa ba ta da shi.

Mahaifina yana wani ƙauye a ƙasar Sandamu, yana noma yana kuma fataucin shanu. Ni ne ɗansa na fari, kuma shi mutumin da ne, mai tsananin alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan zai ambace ni sai ya ce mutumin Daura, idan na durƙusa gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri, kuma ko magana ce da ni sai ya bi da ita ta kan ƙanena, wanda ke zaune da shi suna noma tare. Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, tun ina yaro abin yana ɗan sosa mini rai. Ranar da na fara kai motar gida, Baba ya taso ya zagaya ta kamar yadda yake zagaya sa a kara, ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa, sannan ya ce da ƙanena Allah Ya tsare. Bai shiga ba, ko da na buɗe masa ƙofa. Amma daga ranar, duk Juma'ar da na je gaisuwa sai ya sa a tambaye ni ya motar, idan kuma ƙanena ya kira ni a waya sai ya rufe da cewa Baba ya ce a gaida mota. Wayyo, irin daɗin da nake ji! Na ce a raina yau dai na kawo abin da ya cika wa tsohon nan ido.

Ana farkon damina, an fara shuka, na taso daga wajen Kongolam da yamma bayan an ɗauke ruwa. Kwalta da santsi, ni kuma ina gudu don in riski Magariba a gida. Sai ga jaki ya faɗo titi, na kauce masa, motar ta ƙwace ta nufi wata darbejiya. Ban san sauran ba sai da na ji ana salati ana jawo ni ta taga. Gaban motar ya lotse, bonet ya naɗe, fitilu da gilashin gaba sun tarwatse, lagireto yana ta tsiyaya, ni kuma na karye a hannun hagu. Waɗanda suka ciro ni fataken shanu ne da suka taso daga kasuwa a babbar mota, kuma da na buɗe ido na ga biyu daga cikinsu abokan fataucin Baba ne. Ku ji rashin hankali: hannuna na lilo, amma abin da na fara roƙonsu shi ne don Allah kada su faɗa a gida. Suka dubi juna suka ce to. Na kira ƙanena ma daga baya na ɗaure shi da alkawari, na ce ya ce an tura ni kwas Katsina. A tunanina abu ɗaya da Baba ya taɓa yaba mini shi ne na rugurguza, kuma ba zan iya kai masa fuskata ba sai na mayar da shi yadda yake.

Aka yi mini ɗori, aka ja motar zuwa garejin wani fanabita, mai gyaran jikin mota, a cikin gari. Nan na tare. Da hannu a rataye nake zuwa in zauna a kan tsohuwar taya ina kallon ana dukan ƙarfe, kowace guduma kamar a ƙirjina. Mutumin ya iya aikinsa, ni ne dai matsalar. Ya miƙar da bonet na ce akwai sauran tudu. Aka samo fitila na ce ba ta yi daidai da 'yar'uwarta ba, sai an nemo ta asali daga Kano. Aka fesa fenti na fito da ita rana na ce ƙofar ta fi sauran jikin duhu, a kankare a sake. Har fanabitan ya gaji ya ce mini Malam, motar da ta yi hatsari ai ta yi, sai dai a rufa mata asiri. Na ce shi dai ya yi abin da na sa shi. Haka muka yi ta yi, gero ya yi bununi, ya nuna, aka fara girbi, ban taka ƙauyenmu ba, alhali ko ɗan acaɓa na hau zai kai ni in dawo kafin la'asar.

Duk wannan lokacin saƙon Baba bai yanke ba. Ƙanena zai kira ya ce Baba ya ce a gaida mota, yaya ƙarfin jikinta. In ce a ce masa lafiyarta lau. Wani makon ya ce Baba na tambaya ko ta fara fita. In ce tana nan garau. Ya taɓa ce mini Baba ya rage zuwa kasuwa, na ce ai girma ne, gara ya huta. Akwai ranar da ya ce mini Baba ya ce ko tana ɗingishi a kawo ta haka nan, ba a yi wa mai ɗingishi dariya a gidansa. Maimakon in gane, sai na ce shi ke nan ya ji ƙishin-ƙishin, lallai sai na gyara ta yadda ko da fitila aka duba ba za a ga tabo ba. Maiɗakina ta yi ta fama da ni in je ko a motar haya ce, na ce mata ba ta san Baba ba. Ashe ni ne ban san shi ba.

Wadda ta fasa ƙwan ita ce Goggo, ƙanwar Baba, tsohuwa mai bakin da ba ya shakkar kowa. Ta zo Daura barkar haihuwa, ta biya gidana aka ce ina gareji, ta ce a raka ta. Ta same ni ina musu a kan launin fenti, motar kuma an kankare rabinta, duk jiki dabbare-dabbaren filar da ake cike lotsa da ita, ko bambar gaba ba a mayar ba. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. A gaban kowa ta ce ashe sakarai yayanta ya haifa ba ta sani ba. Ta ce tun daren da abin ya faru, kafin a yi Isha'i, fataken nan suka je suka faɗa masa komai, har da hannun da na karye, kuma ranar ko tuwo bai ci ba. Ta tambaye ni ko tun da nake na taɓa ganin yayanta ya damu da ƙarfe, mutumin da ko keke bai taɓa saya ba. Ta ce ba zai iya buɗe baki ya ce yaya ɗana ba, shi ya sa ya samu mota ya rataya mata maganar, duk ƙauyen sun gane sai ni mai boko. Sannan ta ce idanunsa suna tafiya tun farkon damina, ya hana a faɗa mini don kada a ƙara wa mai jinya damuwa, kuma an yi an yi a kai shi asibiti ya ƙi, ya ce zai jira motar ta warke, a cikinta zai tafi.

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Duk saƙonnin nan suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda tsoho yake tambayar hannuna ni kuma ina ba shi labarin ƙarfe. Goggo ta ce in tashi, kuka ba magani ba ne, ta buɗe gaban motar ta shige da ƙullin kayanta ta ce in ja mu tafi. Fanabita ya ɗaure abin da zai ɗauru da waya, muka kama hanyar Sandamu a haka, yara na nuna mu. Na samu Baba a ƙofar gida a kan buzunsa. Har na tsaya na fito bai ɗago ba, sai da na yi sallama ya juyo wajen muryar, idanun a buɗe amma ba a kaina suke ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar a gajarce kamar kullum, sannan ya ce da ƙanena ya kai shi wurin motar. Ya shafa bonet, ya shafa ƙofa, ya ce an yi ƙoƙari. Ina tsaye a gefe, sai na ji hannunsa ya bar motar ya sauka a kafaɗata, ya gangaro a hankali har inda aka yi ɗorin, ya ɗan matsa, ya tambayi ƙanena ko nan ne. Ya ce mai ɗorin ya san aikinsa. Tun da na yi wayo ranar ce farkon da hannun mahaifina ya taɓa jikina, na yi kuka kamar ƙaramin yaro, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Washegari muka kai shi asibitin ido a Kano, shi da ƙanena a baya, ni ina tuƙi. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma za a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage da magani. Ya ce irin wannan ciwon abin da ya ci ba ya dawowa, da an zo da wuri da an tsira da fiye da haka. Wannan maganar har gobe tana cina. Baba kuwa ko a jikinsa, ya ce abin da Allah Ya ba shi ya gani a duniya ya gani. A hanyar dawowa na ɗan taka mota don mu isa da rana, sai na ji ya ce da ƙanena a faɗa wa direba ya bi a hankali, motar nan ta taɓa jin ciwo sau ɗaya, kuma shi ba shi da wata irinta. Ƙanena ya juya yana kallon taga, ni kuma sai da na gangara gefen titi na tsaya, don hawaye sun hana ni ganin hanya.

Yanzu Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, yana ganin inuwar mutum da hasken rana, kuma ni nake zuwa in ɗiga masa magani duk lokacin da na samu sarari. Motar ma tana nan, an ƙarasa fentin yadda ya samu, kuma buhunan gero da akuyar Goggo duk sun shiga cikinta ban ce uffan ba. Abin da na koya shi ne iyayenmu na karkara ba su iya cewa ina kewarka ba, sai dai su tambayi gonarka ko iyalinka ko abin hawanka, kai ne za ka sa hankali ka ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana masu abin hawa, musamman 'ya'yan fari irina. Kula da mota ba laifi ba ne, a duba mai, a duba birki da taya, a rage gudu idan an yi ruwa. Amma idan tsautsayi ya faɗa, kada kunyar lotsattsen ƙarfe ta hana ku zuwa gida, kuma kada ku ce za ku ɓoye wa iyaye, domin sun riga ku ji, jira kawai suke ku shigo. Ni na tsaya neman fentin da zai burge mahaifina, kafin in gama idon da zai gani ya tafi. Wanda duk tsohonsa ya aiko yana tambayar wani abu nasa, don Allah ya tashi ya kai amsar da ƙafarsa.