Tagogin Masana'antar Gwangwani

Goggo Mai Murfi tana da shekara goma sha tara ta shiga masana'antar gwangwani. Da wanke tumatir da fere mangwaro ta fara, daga baya aka mayar da ita kan injin da ke rufe bakin gwangwani, a nan sunan ya bi ta. Injin ya cinye mata kan yatsu biyu. In an yi mata jaje sai ta ce ai shi ma bai ji daɗinsu ba, kwana biyu ya yi a tsaye.

Ginin na jan bulo ne, hawa biyu. A sama tukwanen tafasa suke, kuma babu taga ko ɗaya, sai wasu gilasai can kusa da rufi da aka liƙe, wai kada ƙuda ya shiga. Kafin azahar tururi ya cika ɗakin, mace ba ta ganin fuskar ta kusa da ita.

Wata rana ƙanwar mijinta da suke aiki tare, mai cikin wata bakwai, ta yanke jiki ta faɗi a gindin tukunya. Goggo ta ja ta gefe, ta ɗauki doguwar muciyar ƙarfe, ta hau tebur ta farfasa gilasai uku.

Manaja ya kira ta ofis. "Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Saura tara, hannuna ne bai kai ba."

Nan take ya kore ta. Washegari matan masana'antar su sittin suka zo da sassafe, suka shimfiɗa zannuwa a bakin ƙofa suka zauna. Motocin tumatir suka yi layi cikin rana. Kwana uku ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashinsu, wari ya hana manaja cin abinci a ofis. A rana ta huɗu magina suka fasa bango, suka fitar da tagogi goma sha biyu. Goggo ta koma kan injinta, ta ƙara shekara ashirin da shida, har aka rufe masana'antar.

Ginin ya daɗe a kulle, awaki na kwana a barandarsa. Bara aka gyara shi ya zama gidan tarihi, aka gayyaci tsofaffin ma'aikata. Jami'in da ke kula da gidan ya karanta allon da aka kafa a ƙofa: wai mai masana'antar, don tausayin ma'aikatansa, shi ya sa aka buɗe tagogin.

Goggo ta dogara sandarta ta miƙe. "Ɗana, wa ya faɗa maka haka?"

"A takardun kamfanin muka gani, Goggo."

"Takardun suna ƙasa a ofis, ƙarƙashin fanka. Ni ina sama."

Jami'in ya sunkuyar da kai ya ce an riga an zana allon a ƙarfe, ba ya gyaruwa. Ta ce ya bar abinsa.

Tun daga ranar, duk Asabar takan zo da kujerarta ta zauna a gindin allon. Wanda duk ya gama karantawa sai ta kira shi ta ba shi nata labarin. Sau biyu aka turo mai gadi ya tashe ta, shi kuwa uwarsa na cikin matan sittin ɗin, sai dai ya matsar mata da kujerar zuwa inuwa. 'Yarta tana ta roƙonta ta huta saboda gwiwa. Ta ce ta ji, ta rage zuwa rabin yini.