Tafiyar Ɗauko Sista Hajara

Gwarzo

Bayan sallar asuba muka fita, ni da Malam Tukur, nas ɗin da muka daɗe muna aiki tare. Shekarar da aka fara Shari'a ce, ga tsuke bakin aljihu: wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Mu nas-nas na yankin mun shirya zama da manyanmu a Kabo ranar Asabar, mu nemi a ƙaro mana hannu. Kowa ya amsa gayyata sai Sista Hajara, da ke wani ƙaramin asibiti a bayan Durun. Ita muka tafi ɗaukowa ranar Juma'a.

A tasha direba ya ce, "Hajiya, mata a baya, maza a gaba." Na shiga baya, aka ɗora mini kwandon tattasai a cinya.

Kabo

Kafin shiga gari 'yan sanda suka tare mu. Ɗaya ya hangi fararen kayana, ya manta da direba, ya ce, "Sista, kaina ke sarawa tun jiya." Na gwada jininsa a bakin titi, na umarce shi ya je asibiti. Muka karya da koko da ƙosai, muka hau a-kori-kura.

Bayan Durun

Hanya duk zaizayar damina, sai bayan azahar muka isa. Muka tarar da Hajara ita kaɗai, ga mai naƙuda a ciki, ga manomi a baranda fartanya ta tsaga masa ƙafa. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba. Malam Tukur ya kama ɗinki, ni na bi Hajara ciki. La'asar sakaliya aka sami 'ya mace.

Muna cin tuwon dawa da miyar kuka na ce, "Hajara, me ya hana ki amsa mana?"

"Yaya, in na tafi wa zan bar wa su? Ko gaisuwar rasuwar kawuna ban je ba."

Malam Tukur ya ce, "Ba ni makullin ɗakin magani. Ki je ki faɗa wa manya da bakinki."

Na kwana a ɗakinta, shi kuma a gidan mai unguwa. Da asuba muka bar shi yana riƙe da asibitin, ni da Hajara muka kama hanyar Kabo.

Kabo, Asabar

Mun yi ta jawabi manya suna gyaɗa kai. Da Hajara ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba. Ta ba su labarin jiya kawai, sannan ta ce, "Ranku ya daɗe, da baƙin nan ba su zo ba, wanne zan bari, mai naƙuda ko mai zubar jini?" Muka ƙi tashi sai da aka ambaci sunan nas ɗin da za a tura mata.

Magariba ta yi mini a Gwarzo. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen ƙauyen da suka karɓe mu. Kafin kaka sabuwar nas ta kama aiki, Hajara ta je ta yi wa danginta gaisuwa.