Hannun Da Na Zura A Maƙogwaron Bijimi

Lokacin da abin nan ya faru ni manomi ne, ba ni da komai sai bijimai biyu na huɗa da muka haɗa da yayana. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Tsafe. Da 'yan bindiga suka tashe mu suka kore shanun gidanmu, sai muka kwaso Inna da mata da yara muka dawo gefen Bungudu, wani bawan Allah ya ba mu aron gona. An taɓa shiga da ni daji, na yi kwanaki a ɗaure, na fito da raina. Tun daga nan na ɗauka tsoro ya gama aikinsa a jikina. Ban yi boko ba. Maƙwabcina ne yake rubuta wannan ina faɗa masa, kuma na ce kar ya ƙara komai.

Muna da kare, don duk wanda aka taɓa tasa daga gida ba ya zama babu mai haushi a ƙofa. Da farkon damina karen ya canza. Ya daina cin abinci, yana cizon turke, yana bin abin da babu. Wata safiya ya faɗa wa jan bijiminmu ya kama shi a hanci. Yaya ya je raba su, ya samu nasa rabon a tsintsiyar hannu. Ni na kashe karen da sanda. Inna ta yanki gashin wutsiyarsa ta ƙona, ta kwaɓa da man shanu ta shafa wa Yaya, kamar yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Matarsa ta ce ko za a je asibiti. Ya yi dariya, ya ce mutumin da harsashi ya wuce ta kunnensa ba zai je ya bi layi saboda haƙorin kare ba, ga huɗa tana jira. Ni ma na yi dariyar. Ciwon ya warke tas, na bijimin ma ya warke, kowa ya ce maganin Inna ya ci. Muka manta.

Bayan makonni, gero ya kai gwiwa, sai jan bijimin ya ƙi ci. Yana tsaye yawu na dalala, yana miƙe wuya, kukansa ya dushe. Na kai masa ruwa ya sa baki ya kasa haɗiya. Duk mai kiwo ya san wannan: ko leda ce ya haɗiya, ko ƙwallon mangwaro ya tokare. Yaya ya riƙe ƙaho, ya ce in zo in zura hannu, tunda nawa siriri ne kamar muciya, ai yau dai ramata ta yi amfani. Na naɗe riga na zura har kusan kafaɗa. Na laluba, na sake lalubawa, babu komai. Da zan zaro, turamen haƙoransa suka karce ni daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Dama tafina duk tsaga ce ta igiya da garma. Na goge yawun da jinin a wandona, na koma aiki. Ko wankewa ban yi ba sai da azahar. Kwana kaɗan bijimin ya faɗi, ya mutu kafin a kawo wuƙa. Muka ja shi muka binne.

Ba a jima ba Yaya ya fara cewa wurin cizon nan da ya warke yana masa ƙaiƙayi, kamar tururuwa na tafiya a ciki. Sai zazzaɓi. Muka sayo masa kafso a kemis, ba abin da ya yi. Ranar da na gane abin ya wuce zazzaɓi, da la'asar ce. Mutum ne da ko a ranar da muke gudu bai bar salla ta wuce shi ba. Matarsa ta kawo masa buta. Ya zuba ruwa a tafi zai kurkure baki, sai wuyansa ya ƙage, idanunsa suka fito, ya yi jifa da butar. Ya ce ƙishirwa za ta kashe shi. Aka kawo moɗa, tun daga nesa jikinsa ya kama rawa, ya ce a fitar da ita. Ko fifita Inna ta yi masa sai ya shiɗe. Mutane suka ce iska ce ya taka a gona. Aka yi masa rubutu. Rubutu kuwa sha ake yi. Ya dubi ƙwaryar yana hawaye, ya kasa.

Muka sa shi a mota muka kai shi asibiti a Gusau. Likitan da ya duba shi ya tambaya ko kare ya taɓa cizonsa. Na ce ya cije shi, amma an daɗe, kuma ya warke. Ya fito da ni waje, ya ce Malam, ka yi haƙuri, haukan kare ne, kuma idan ya kai nan babu mai iya dawo da shi. Na ce a yi masa allura mai ƙarfi. Ya ce ba a nan take ba. Ya ce ƙwayar wannan cuta ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya yaɗuwa sai ta shiga cikin ƙwayoyin naman mutum ta mai da su wurin haihuwarta. A yawu take. Idan ta samu rauni ta shiga, sai ta kama jijiya ta bi ta a hankali, fata ta rufe a bayanta, mutum na ta harkarsa, har ta isa ƙwaƙwalwa. Allurar rigakafi aikinta ta sa jiki ya tare ta a hanya. In ta riga ta isa, an gama. Ya tambaya ko karen ya ciji wani. Na ce babu kowa. A raina gaskiya na faɗa, don ni kare bai taɓa ni ba.

Yaya ne ya cece ni. Ciwon yana sakinsa jifa-jifa, hankalinsa ya dawo garau. A irin wannan lokacin likitan ya shigo, Yaya ya kira shi da murya a shaƙe. Ya ce karen ya ciji bijimi, bijimin ya yi irin abin da yake yi yanzu, kuma wannan wawan da ke tsaye ya zura hannu har kafaɗa a bakinsa, shi ne ma ya sa shi. Ya ce a duba hannun ƙanensa, shi a ƙyale shi. Likitan ya ce in naɗe riga. Ya ga karcen nan da ya bushe. Fuskarsa kawai na kalla, na gane. Ranar aka fara yi mini allura, aka gaya mini ranakun da zan dawo. Na tambaye shi ko mun riga cutar. Ya ce yana fata, amma ba zai yi mini ƙarya ba, da tun ranar na zo da ya fi. Yaya ya cika bayan kwana biyu. Maganarsa ta ƙarshe da ni, ya ce in na kuskura na tsallake allura ɗaya bai yafe ba.

Ban tsallake ba. Amma watannin da suka biyo baya ba zan so wa maƙiyina su ba. A daji ina ganin wanda zai kashe ni, ina ganin bindigarsa. Wannan kuwa a cikin hannuna take, ko tana nan ko ba ta nan, ban sani ba. Ƙuda ya sauka a tabon sai in ce ga tururuwar nan ta fara. Na daina ɗaukar yarana. Na ware ƙwaryata. Kowace safiya sai in ɗebi ruwa a randa in tsaya ina kallonsa kafin in kai baki, in ji ko zai wuce. Wata rana bayan girbi na tashi da zazzaɓi, maƙogwarona yana ciwo. Na ɗauko igiyar jan bijimin nan na ajiye gaban matata, na ce idan na fara irin na Yaya, ta kira maza su ɗaure ni, ta kwashe yara ta kai su wurin Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini, ta ce Malam, sha tukuna, in ya so a yi maganar igiya. Na karɓa. Na kai baki. Ya wuce. Na ce ta ƙaro, ta ƙaro, na shanye. Mura ce. Ta ɗauke igiyar ta ce akuyarta ma na bukata.

Shekaru sun wuce yanzu. Ina raye, 'ya'yan Yaya suna hannuna. Inna har ta rasu ba ta daina cewa ita ta shafa masa gashin ba, ina ce mata ni ma ai na yi dariya da aka ce asibiti. Ajali ne, na sani, amma Allah bai hana mu neman magani ba. Abin da na koya shi ne, warkewar rauni ba warkewar mutum ba ce. Wanda kare ya ciza ko ya karta, ko mage, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya daɗe yana wankewa, ya tafi asibiti ranar, ko da huɗa za ta lalace. 'Yan'uwana masu kiwo, idan dabba tana dalalar da yawu ta kasa haɗiya, kar ku zura hannu, ku kira malamin dabbobi. Ni na zura, kuma da mai mutuwa bai yi magana ba da na bi shi. Har yau ba na shan ruwa a gurguje. In na kai moɗa baki sai na tsaya na ji ya wuce, sannan in ce Allah ya jiƙan Yaya.