Furar da ta hana ni siron barci

Ina aji uku a lakwal haƙorina ya ruɓe, ni kuwa ina tsoron allura. Likitan haƙori a Zinder ya ce akwai siro, wani maganin sha mai sa yaro gyangyaɗi, amma sai in zo ban ci komai ba. Na ƙagu in ji yadda wannan barci yake.

Ranar da za mu je wurinsa, a tashar Takieta, Kaka ta ɗura mini fura, wai jikanta ba ya shiga mota da yunwa.

"Inna, kin ɓata mana shiri," in ji likita, yana dariya. "Yau sai allura, ko ku dawo."

Kuncina ya kumbura, ba zan iya jira ba, sai na yarda da allurar, na roƙi madubi. Ina kallon allurar tana shiga dasashina, ina mamakin sirantarta, har ya zare ta ban yi kuka ba.