Dabino a Kwanon Maƙwabciyata

Ni na koya wa tsohuwar maƙwabciyata cewa ba a mayar da kwano wayam. Shekarar da muka tare a unguwar Withington, can ƙasar Turawa, ina fama da karatu, maigida yana aikin asibiti, na aika mata da cincin ɗin Sallah. Washegari ta dawo min da kwanona a wanke tas, sai godiya. Raina ya ɗan sosu, ni kuma ban iya barin magana a ciki ba, cikin raha na faɗa mata yadda muke yi a gida. Ba a jima ba sai ga ta da nata farin kwanon tangaran mai shuɗin baki, cike da kek ɗin tuffa. Ta miƙo min ta ce, "Saura ke."

Tun daga nan kwanon ya zama ɗan aike tsakaninmu. Bayahudiya ce, mijinta ya rasu, 'yarta guda tana aure a Isra'ila. Ba ta cin namanmu, amma ƙosai idan ya shiga gidanta ba ya kwana. A lokacin ne ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar da tsofaffi ke taruwa shan shayi, wai babu kuɗi, sai ta koma zaman taga. Yarana suka laƙaba mata Kaka, ni ma na bi su.

Abu ɗaya ne ba ma taɓawa. Tana da jika soja a Isra'ila, hotonsa na kan kantar falonta, amma duk ranar da na shiga sai in tarar ya koma bayan tukunyar fure. Ni kuma idan na dawo daga zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa, nakan cusa gyalena mai zanen baƙi da fari a jaka kafin in wuce tagarta. Kowa ta san abin da ɗayar ke ɓoyewa.

Ina wanke-wanke na ji a rediyo cewa 'yan bindiga sun buɗe wuta a kan wasu sojojin Isra'ila da suka tashi aiki, suna jiran mota zuwa gida. Ban tsaya a kan labarin ba. Na ga gawarwakin yaran ɗaya ɓangaren da yawa, zuciyata tana can. Sai da yamma matar da ke gidan gabanmu ta tare ni ta ce jikan Kaka yana ciki, kuma bai tashi ba.

Kwanonta yana kicin ɗina, da sauran kek a ciki. Na rasa da wace fuska zan shiga. Ina son tsohuwar nan, kuma na san abin da kakin da yaron ke sawa ya yi wa mutanen da nake yi wa kuka. Da ma mun shirya zuwa Birmingham wurin yayata a ƙarshen makon, sai na kwashi yara muka tafi.

Yaya tana unguwar Erdington a can, kuma a kan maganar Falasɗinu ta fi ni zafi nesa ba kusa ba. Ita ce mai tara mata a cika mota zuwa zanga-zanga, ita ce mai sa tabarau a kanti tana bin kwalin dabino da kallo don ta san inda aka noma shi. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce in yi zamana. Ta gama yanka albasarta tukuna.

"Kwanon wa ke gidanki?"

"Nata ne, Yaya."

"To, barikin soja na ce ki je? Gidan tsohuwa za ki, wadda jikanta ya mutu. A gidanmu yaushe aka taɓa tambayar aikin mamaci kafin a je gaisuwa?"

Ta buɗe kabad ta ɗauko kwalin dabinon da take saye daga manoman Falasɗinu, ta ce in juye wa Kaka shi a kwanonta, tunda dabino babu addinin da ya hana.

Da na dawo na tarar da ƙofar Kaka a sakaye. An rufe madubin zaure da zane, kamar yadda suke yi idan an yi rasuwa. Mutanen wurin ibadarsu sun zo sun tafi, tana zaune ita kaɗai a wata 'yar guntuwar kujera, duk da ciwon ƙugun da ya hana ta hawa jirgi zuwa jana'izar. Hoton yana tsakiyar tebur. Sai a ranar na dube shi da kyau, kunnuwansa irin nata ne sak.

Na cire takalmi na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta tambaye ni wa ya gaya min haka suke zaman makoki, na ce babu kowa, mu ma haka muke yi. Turancina ya gudu, sai da Hausa na iya cewa, "Kaka, ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Ba ta nemi fassara ba.

Ta buɗe kwanon, ta tambayi daga ina dabinon yake. Na faɗa mata gaskiya. Na ɗauka za ta turo min abina. Can ta ɗauki ɗaya ta ci a hankali, ta riƙe ƙwallon a tafin hannunta.

"Duk Juma'a yakan saya wa uwarsa irin wannan," in ji ta.

A nan kuka ya ƙwace min, ita ce ma ta riƙa bubbuga bayana. Na zauna har lokacin ɗauko yara ya yi, washegari na koma, haka har makon ya fita.

Ba ta sake mayar da hoton bayan fure ba, ni ma na daina cusa gyalena a jaka. Ba mu taɓa zama mun daidaita ra'ayi ba. Amma wata safiya aka ƙwanƙwasa min ƙofa, na buɗe na gan ta dafe da sanda, ta rame, kwanon a ɗaya hannun. Ta ce har yanzu ba ta iya tsayuwar gashin kek. Lemo ne guda biyu a ciki.

"Saura ke," ta ce.