Zaren Yaya Balkisa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Yuli na 1985, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Balkisa Abdulaye a gidanta na Maourey, nan Yamai. Tana zaune a tabarma tana tsince zogale, ta ce wa ƴarta Hajara ƙirjinta ya yi nauyi, a ba ta ruwa. Kafin a kawo ruwan ta riga ta tafi. Shekarunta arba'in da takwas. Muka yi mata sutura bayan azahar.

Yaya, ni ne ƙanenki Shu'aibu, wanda kike kira Malam Ruwa. Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a biro, wato ofishin masu auna ruwan sama, kuma tun ina lakwal, ɗan makaranta, ban taɓa barin rana ta wuce ban rubuta abin da ya faru a littafina ba. Kin sha yi mini dariya a kan haka. Kin ce ni ko atishawa na yi sai na sa mata kwanan wata. Yau ga shi na buɗe littattafan nan ina nemanki a ciki, kuma kina nan a kusan kowane shafi.

Waɗanda suka san ki a ƴan shekarun nan sun san mace mai jiki wadda ba ta iya tashi sai an kama ta. Ina so su san inda jikin ya samo asali. Innarmu Bazabarma ce, kuma lokacin da kika haifi Hajara ta ɗauke ki zuwa gida ta yi miki hangandi, kiwon da ake yi wa mai jego har ta cika ta yi ƙiba kafin ta koma ɗakin mijinta. Fura da madara da gumba, safe da rana da marece. Ran da aka fito da matan unguwa da aka yi wa kiwon ana kiɗa, ke kika fi kowa. Inna ta ɗauki zaren auduga ta zagaya ƙugunki, ta ƙulle shi daidai inda ya haɗu, ta ɗaga shi sama mata suna guɗa. Har ta rasu tana ba da labarin ranar nan kamar jiya aka yi. Kin ajiye zaren a cikin wata ƴar kwalla, kuma kowace ƙaramar salla sai ki sake aunawa, ki ƙara zare, ki ƙara ƙulli. Da fari a gaban mutane kike yi kina dariya. Daga baya sai kin sakaya ƙofa.

Ba a taɓa shiga gidanki aka fita da yunwa ba. A farin farko da ruwa ya ƙi sauka, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, tukunya biyu kike ɗorawa. A na bara, da mutanen Ouallam da Filingué suka cika bakin gari da ƴan tsummokaransu, tukwanen suka zama uku, wata rana huɗu. Dambu da kopto, kwaɗon zogale, da tuwon jar dawar taimako wadda kika san yadda ake jiƙa ta har ɗacin ya fita. Ba ki taɓa auna gishiri da cokali ba. Kowace tukunya sai an kawo miki kin ɗanɗana, kin rufe ido, sannan ki ce a ƙara ko a sauke. Wata tsohuwa daga Simiri ta zauna a zaurenki wata biyar, kuma har ta koma ba wanda ya ji kin tambaye ta yaushe za ta tafi.

Na rubuta ranar da sojoji biyu suka zo. Lokacin ana farautar masu ɓoye hatsi, wani kuma ya kai magana cewa mace mai irin jikin nan a shekara irin wannan, ba shakka akwai rumbu a ƙarƙashin gadonta. Suka shigo suka tarar da mutum talatin da ɗaya a tsakar gida kowa da kwanonsa. Kika ce wa babbansu, “Ɗana, rumbun da aka gaya maka ni ce. Ga ni zaune. In za ku iya ɗauka, ku ɗauka.” Ya rasa inda zai sa idonsa. Sai da suka ci dambu suka tafi. Mun yi dariya ranar, amma Hajara ta gaya mini bayan sun fita kin shiga ɗaki kin daɗe ba ki fito ba.

Jikin da ya ba ki suna shi ya zo yana karɓe miki komai da kaɗan kaɗan. Gwiwoyi suka fara. Sai numfashi. Sai salla ta koma a zaune, abin da ya fi komai ci miki rai. Hannatu, maƙwabciyarki ƴar Dogondoutchi mai aikin jinya, ita ta matsa har kika yarda aka kai ki wurin wani lokotoro da bai daɗe da dawowa daga Faransa ba. Ma'aunin likita bai iya da ke ba, sai a shagon mijinki Alhaji Lawali a Kalley aka auna ki, a kan ma'aunin siminti, bayan an rufe ƙofa. Kilo ɗari da arba'in da takwas. Lokotoron ya ce zuciyarki ta gaji. Ya ce a can akwai wani sabon aiki da ake yi, a buɗe mutum a ɗinke masa tumbi ya koma ɗan ƙarami, yadda loma kaɗan za ta ishe shi. Ya ce wasu sun tashi sun yi tafiya da ƙafarsu, wasu kuma ba su farka ba. Ya ce ba zai tura takardunki ba sai da sa hannun mijinki da na wani ɗan'uwanki na jini wanda ya karanta takardar da Faransanci ya fahimci haɗarin. Alhaji Lawali ya ce shi bai san komai a nan ba, in Shu'aibu ya sa hannu shi ma zai sa.

Ta haka takardar ta zo hannuna ranar huɗu ga watan Maris. Na yi abin da na iya. Na ja layi a tsakiyar shafi, gefe ɗaya dalilan tafiya, gefe ɗaya dalilan zama. Na rubuta wa lokotoron tambayoyi goma sha ɗaya, ya amsa, na sake rubuta bakwai. Mutum nawa aka yi wa? Nawa suka rayu? Shekara nawa aka bi su ana gani? A aikinmu ba a yanke hukunci a kan damina da ruwan wata ɗaya, sai an tara na shekaru. Na ɗauka haka ake yi da komai.

Duk Juma'a ina zuwa wurinki da marece, ina sauraron abin da za ki ce in ƙara a shafin. Wata rana kika ce, “In an mayar mini da ciki kamar kofin shayi, wa zai ɗanɗana miya?” Na rubuta a gefen zama. Wata rana kika ce, “A shekarar da mutane ke neman abin da za su sa a ciki, ni in hau jirgin sama a je a rage mini nawa? Da wane ido zan dubi mutanen zaure?” Na rubuta a gefen zama. Amma akwai maganar da ban san inda zan sa ta ba. Kin ce kin yi mafarki kina tafiya a kan kogi, ba a cikin jirgi ba, a kan ruwan kansa, ba ki da nauyi ko na ganye, zanenki yana kaɗawa, kina jin sanyin ruwa a tafin ƙafa, kuma Inna tana ɗaya gaɓar tana ɗaga zare. Kin ce sau uku kina yin mafarkin. Na duba shafina, na ga mafarki ba shi da gefe, sai na bar shi a waje.

Sai kogin ya ƙafe. Tsofaffi sun ce ba su taɓa gani ba. Cikin azumi ne, watan Yuni, mutane suna tsallakawa da ƙafa a ƙarƙashin gada, awaki suna yawo inda dorina ke kwana. Kika ce sai an kai ki. Muka sa ki a bayan motar shago da safe, ni da Hannatu da Hajara, muka sauke ki a bakin gaɓa. Ƙasar ta tsage kamar tsohon tulu, ga ƙananan kifaye sun bushe a cikin tsagar, ga jiragen masunta a kife. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, komai ya yi fari fat, har ban iya rabe inda rairayi ya ƙare da inda sama ta fara ba. Kika cire takalmi. Kika ce kada kowa ya riƙe ki. Na ƙirga, taki arba'in da biyu kika yi a tsakiyar kogi, sannan kika zauna a kan wani kifaffen jirgi kina haki, kina murmushi.

“Malam Ruwa,” kika ce, “ka ga rabin mafarkina ya tabbata. Saura nauyin.”

Sai kika juyo kika dube ni.

“Ka gama aune-aunen naka?”

“Bari damina ta sauka, Yaya, hankali ya kwanta. Sai in ba ki amsa.”

“Kai komai sai ruwa ya sauka,” kika ce. “To, Allah ya kawo ruwan.”

Ba ki ƙara tayar mini da maganar ba. Ni kuma na ji daɗin haka, Allah ya gafarta mini, na ɗauka shirunki ma dalili ne, na ƙara shi a gefen zama.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Hannatu ta kira ni gefe. Ta ciro wata takarda daga jakarta, irin tawa sak, domin lokotoron biyu ya bayar. A ƙasa, inda aka bar wa mara lafiya wuri, ga dangwalen yatsanki da shuɗin tawada. Kwanan watan shida ga Maris. Kwana biyu bayan an kawo mini tawa.

“Mushe Shu'aibu, ta hana ni gaya maka,” in ji Hannatu. “Ta ce in ka ga ta riga ta dangwala, za ka sa hannu don kunyarta, kuma in ta mutu a can ba za ka ƙara yin barci ba. Ta ce a bar ka ka kai ga hukuncin da ƙafarka.”

Sai Hajara ta kawo ƴar kwallar. Na warware zaren a kan tabarma. Ƙullin Inna yana nan, ya yi baƙi don tsufa, sai sauran suna bin sa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya fi na baya nisa. Babu na sallar bana. A maimakonsa, can baya kusa da na Inna, kin ɗaura wani ɗan jan zare sabo. Hajara ta ce kin nuna mata shi kin ce nan kike son komawa, ba don kyau ba, don ki kai goshinki ƙasa a salla.

Yaya, wata huɗu ina tattara maganganunki na wasa ina jera su kamar ruwan kwalbar awo a wurin aiki, alhali kin riga kin yanke, kina zaune kina jirana. Hannatu ta ce kada in ɗora wa kaina, mai yiwuwa da kin tafi ba ki farka ba, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare ko a Maourey ko a Faransa. Na san gaskiya ta faɗa. Har yanzu in aka ce in rantse wane gefe ne daidai, ba zan iya ba. Ba wannan nake neman gafararki a kai ba. Abin da nake nema ki yafe mini shi ne ban taɓa tambayarki ba. Na tambayi lokotoro abu goma sha takwas, ke kuwa ban ce miki ko sau ɗaya “Yaya, me kike so?” ba.

Ranar sadakar bakwai aka yi ruwa. Na bar zaman makoki na je na duba kwalbar auna ruwan sama, domin aiki ne kuma ba wanda zai yi shi in ban yi ba. Milimita talatin da ɗaya. Kogi ya dawo, ja wur, ya rufe inda kika taka. Na tsaya a kan gada na daɗe ina neman wurin da jirgin nan yake a kife, ban gane shi ba. Damina ta sauka, Yaya. Na ce zan ba ki amsa. Amsar ita ce da na bi ki duk inda kika zaɓa, har ƙofar ɗakin da za a shiga da ke, in zauna in jira.

Zaren yana wurina, a tsakiyar littafin bana, a shafin da na ja wa layi. Tukwanenki kuma ba su sauka ba. Hajara ce ke ɗanɗanawa yanzu, tana rufe ido kamar ke.

Ya Allah, ga baiwarka Balkisa ta zo maka. Ta ciyar da bayinka a shekarun da sama ta rufe, ka ciyar da ita daga abin da ba ya ƙarewa. Ka sauke mata duk nauyin da ta ɗauka, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi, ka karɓi sallolinta na zaune kamar na tsaye. Ka haɗa ta da Inna da Baba a gidan rahama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Lawali, da Hajara da ƙannenta, da dangin Inna na Talladjé, da Hannatu wadda ta riƙe amana, da mutanen zaure waɗanda suka yi kuka kamar uwarsu ce ta rasu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshe. Amin.

Shu'aibu Abdulaye
Yamai, 21 ga Yuli, 1985