Cokalin Zamzam na Kaka Hajo

Shekara shida ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Hajo, a ɗakinmu na unguwar Misfala a Makka. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma saba rubutu a jarida ba. Amma bana wani abu ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa.

Kaka ta zo Makka tun tana amarya, ba ta koma ba. Ta ƙare rayuwarta tana jinyar tsofaffin matan unguwa da ba su da kowa. Ba ta da takardar komai. Kayan aikinta kofin zamzam ne da wani ƙaramin cokali. Takan kama hannuna ta jujjuya ta ce, "Ƙawata, wannan hannun na mumarrida ne, kada ki ƙarar da shi a wanke-wanke." Mumarrida ita ce nas a bakin mutanen nan.

Da ɓarin jikinta ya shanye, ni na yi jinyarta wata takwas, yadda na ga tana yi wa wasu. Tana kwance, ina ɗiga mata zamzam a baki. Kafin kowane cokali sai in ce, "Kaka, kin shirya?" in jira ta ƙifta ido. Wani lokaci ta yi tari, in shafa mata ƙirji. Daga baya zazzaɓi ya zo, aka ce ciwon huhu ne. Kwana biyar ta yi, ta cika.

Da 'yata ta shiga makaranta, na shiga ajin koyon kula da tsofaffi a wata cibiya a Rusaifa, saboda waccan maganar ta Kaka. Matakin farko ne kawai. Sai na cike sakandare kafin a yi zancen zama nas, kuma Larabcin littafin yana ba ni wuya. Duk da haka ina jin daɗi, har ranar da malamarmu ta zo kan haɗiya. Ta ce mai shanyewar jiki ba a ba shi ruwa a kwance. Sai an zaunar da shi, in ba haka ba ruwan yana iya sauka huhu, ya zama ciwo.

Da aka tashi na bi ta har bakin ƙofa. Na ce, "Malama, ko da zamzam ne?"

Ta ce, "Ko da zamzam ne." Na ba ta labarin Kaka. Ta ce, "Yana iya zama shi, yana iya zama ba shi ba. Ban gan ta ba, 'yar'uwa."

Mako uku ban koma aji ba. Maigidana ya ce ajali ne, in bar tone-tone. Gwaggona ta ce in yi istigfari, zamzam ba ya cutarwa. Na yarda da ajali. To me ya sa ko 'yata ta farka tana neman ruwa sai na miƙar da ita zaune? Kuma duk matan da Kaka ta yi jinya fa? Ita ma kuskure ta yi shekara da shekaru, ko kuwa Allah ne ya dubi niyyarta? Da tana nan ta ji malamar nan, ban sani ba ko fushi za ta yi, ko za ta ce, "Nuna mini." Wata rana ina jin na farkon, wata rana na biyun.

Makon jiya aka kira ni unguwar Zahir wurin Hajiya Ladi, ƙawar Kaka, wadda ta daɗe a kwance. Ta nemi zamzam. Na jera matasai, na ɗaga ta zaune. Ta ce, "Ke 'yar nan, Hajo ba ta taɓa wahalar da mara lafiya haka ba." Na ɗebo ruwan, na ce, "Hajiya, kin shirya?" Na jira.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wannan tambayar kam ta Hajo ce." Ta buɗe baki, ta haɗiye, ba ta yi tari ba.

Har yanzu ban san abin da cokalina ya yi wa Kaka ba, kuma na fara gane ba wanda zai faɗa mini. Ba da ruwa a kwance na bari. Tambayar da jiran na riƙe, su ta bar mini. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini idan ni ce. Ranar Lahadi zan koma aji, cokalinta yana cikin jakata.